Abin da kwalbar giyar inabi ke faɗa da abin da take ɓoyewa

Talatu: Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Yaya Bala, yau fa ka ɗauko mana magana mai nauyi.

Bala: To, kar masu sauraro su tsorata, ba shan giyar inabi muka zo yi ba. Dokar kasuwancinta ce ta ɗau hankalina. Tun 8 ga Disamba 2023, Tarayyar Turai ta wajabta wa masu yin giyar inabi su bayyana kayan haɗinta, ko a jikin kwalbar ko ta lambar QR.

Talatu: Da can ba sa rubutawa?

Bala: Kaɗan ne. Ƙarfin barasa, ƙasar da aka yi ta, da gargaɗin sinadarin salfayit da ake sa mata don kar ta lalace. A Amurka in ka rubuta sunan wani nau'in inabi, dole kashi 75 cikin ɗari ya zama shi ne. A Turai kashi 85.

Talatu: To ina ɓoyon yake?

Bala: A mazubin da aka ajiye ta. Inabin gona ɗaya, ki zuba rabi a tankin ƙarfe, rabi a gangar katakon wani itace da ake kira ok, sai su fito kamar ba 'yan gida ɗaya ba. Ƙarfe ba ya ƙara komai. Katako kuwa yana barin iska ta riƙa shiga kaɗan-kaɗan, ya kuma ba da ƙamshinsa. Masu ɗanɗana sun ce ok na Amurka yana kawo ƙamshin banila da kwakwa, na Faransa ya fi laushi.

Talatu: Kamar ruwan randa da na jarka ke nan.

Bala: Ai a ƙasar Jojiya randar ce ma! Kwebri suke ce mata, ta yumɓu, ana binne ta a ƙasa. UNESCO ta sa wannan sana'a cikin kayan gadon duniya a 2013.

Talatu: Amma Yaya, ashe doka ba ta tilasta a faɗi mazubin ba?

Bala: Galibi a'a. Sai wurare irin su Riyoha a Sifaniya: in an rubuta Gran Reserva a kan jar giya, ta yi shekara biyar, aƙalla biyu a ganga. Wasu kuma gutsattsarin katako kawai suke jefawa cikin tanki don ya fi araha. Turai ta yarda da hakan, amma ta hana su rubuta cewa a ganga ta tsufa.

Talatu: Wayo ke nan. Ganga nawa take ɗauka ma?

Bala: A Faransa, ta yankin Bordo lita 225, ta yankin Burgundi 228.

Talatu: A kan lita uku ma sun ƙi haɗa kai!