Motsa jiki ga dattawanmu na rukunin gidaje a Sakkwato

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu, 'yan'uwa maza da mata, sannunku da zuwa.

Kwamitin lafiya ya duba shawarar a sayi injinan motsa jiki a aika gida Sakkwato daga nan Ingila, a ajiye a rukunin gidajen gwamnati irin na Gwiwa da Bado, inda iyayenmu 'yan fansho da dama suke zaune. Ra'ayinmu shi ne kada a saya. Inji na son wuta da mai gyara, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta kashe shi. Abin da dattijo ke bukata shi ne kujera mai ƙarfi, bango, da abokan da za su neme shi in bai fito ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce wanda ya kai shekara 65 ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, kuma kwana 3 a ciki ya haɗa da atisayen ƙarfi da na tsayuwa daidai, don faɗuwa ce ke kwantar da tsofaffi. Da yawa in ƙugu ya karye, ba sa komawa yadda suke.

Ga yadda zama ɗaya zai kasance, mutum 8 zuwa 12, kimanin minti 40. A fara da tafiya a hankali da juya kafaɗu da idon sawu, minti 10. Sai tashi-zauna daga kujera, hannaye a ƙirji, sau 8, a huta, a maimaita. Wannan shi ne ginshiƙi, domin cinya ce ke ɗaga mutum daga tabarma da sujada. Sai a dafa bango a ɗaga dugadugai sau 10, a tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 10, a sauya. Nauyin da za a ɗaga da hannu kuwa, gorar ruwa ta rabin lita ta isa. In ta yi sauƙi a cika ta da yashi.

Inda ake samun matsala sananne ne. Kujerar roba tana zamewa ko ta buɗe ƙafafu, don haka a jingina ta da bango ko a sa benci. Silifas ba takalmin atisaye ba ne. Dattawa maza kuma, Allah ya ƙara musu lafiya, akwai gasa: Alhaji ya ga tsaransa ya yi 15, sai ya riƙe numfashi ya dage, jini ya hau. Jagora ya sa su ƙirga da baki, mai ƙirgawa ba ya riƙe numfashi. A auna hawan jini kafin a fara. Wanda ya kai 180 bisa 110 ya tafi asibiti, ba fili ba. Mai ciwon suga da ke shan magani kada ya zo da yunwa, kuma a ajiye dabino kusa. Ciwon ƙirji ko jiri, a tsaya nan take.

Lokaci: bayan Asuba, a gama kafin rana ta ɗaga. Kun san Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, zafi na wuce digiri 40. Da azumi a mayar da shi dare, a taƙaita.

Iyayenmu mata su yi nasu a cikin gida, mace ta jagoranta. Kuma kada a tashi da zarar an gama. A zauna a sha kunu, a yi hira. Gwauruwar da 'ya'yanta ke nan Ingila wannan zaman ne zai fito da ita, ba lissafin minti ba. Kowa a haɗa shi da maƙwabci ɗaya da zai yi masa sallama in ya yi fashi sau biyu.

Abin da muke roƙo a amince da shi yau: na'urar auna jini biyu, benci huɗu, da alawus na jagorori biyu, namiji da mace, waɗanda za mu nemi ƙwararrun gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su horar. A gwada a rukuni ɗaya wata 6 tukuna. Shugaba, na mayar maka da magana.