Sergio Leone kafin kaboyi: lacca kan finafinan takobi da takalmi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa, na gode da kuka zo. Duk wanda ya ji sunan Sergio Leone, finafinan kaboyi yake tunawa, musamman dattawanmu da suka yi zaman silima. To, yau baya za mu koma.

An haife shi a Rum a 1929, kuma ɗan gado ne: mahaifinsa darakta ne tun zamanin fim marar magana, yana aiki da sunan Roberto Roberti. Amma gadon bai ɗauke masa wahala ba. Sama da shekara goma ya yi yana yaron gida, mataimakin darakta, a aike shi nan a aike shi can.

Ku lura da lokacin. Bayan yaƙin duniya na biyu, kamfanonin Amurka sun yi ta kwarara zuwa Cinecittà, babban gidan shirya fim na Rum, saboda aiki ya fi araha, kuma doka ta tsare musu wani kaso na kuɗinsu a Italiya, dole a can za su kashe. Leone ya yi aiki a Quo Vadis na 1951 da Ben-Hur na 1959, finafinan Amurkawa kan zamanin tsohuwar daular Rum. A nan ya ga yadda ake juya dubban mutane da dawakai gaban kyamara.

Su kuma Italiyawa suka ce, ai tarihin namu ne. A 1958 Pietro Francisci ya fito da fim ɗin Hercules, da ƙaton nan Steve Reeves, kasuwa ta buɗe, kowa ya auka. Su ne finafinan takobi da takalmi, ana kuma ce wa irinsu peplum, daga sunan wata rigar Girkawan dā. Gaskiya da yawansu ƙwanji ne kawai da gine-ginen kwali, tarihin sai a hankali.

Sa'ar Leone ta zo a 1959. Darakta Mario Bonnard ya kwanta rashin lafiya ana aikin fim kan halakar birnin Pompeii, sai yaron gida ya karɓa ya kammala, sunan maigida kuma ya ci gaba da zama a kai. Sai a 1961 aka rubuta nasa, a Il Colosso di Rodi, labarin ƙaton gunkin tsibirin Rhodes, da Rory Calhoun. A Sifaniya aka ɗauki wani ɓangarensa, kuma can ya koma a 1964 ya yi fim ɗinsa na kaboyi na farko da Clint Eastwood, lokacin da kasuwar takobi ta fara mutuwa. A wannan fim ɗin ya kira kansa Bob Robertson, wato ɗan Roberto.