Daga Tatata Zuwa Magana: Jinkirin da Ake Jira da Wanda Ake Kai Yaro Asibiti

Assalamu alaikum iyaye mata da iyaye maza, da kakanni da duk mai raino. Yau bayaninmu a kan yaro ne daga shekara ɗaya zuwa uku, namiji ko mace: abin da ake sa ran ya iya a kowane mataki, da jinkirin da ba komai ba ne, da wanda ba a zama a kansa.

Mu fara da tafiya, domin ita ce ta fi tayar wa uwa hankali, musamman in ɗan maƙwabciya da aka yi suna tare ya riga ya miƙe, nata kuwa yana zaune. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da aka bi yara sama da 800 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, wato Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ana rubuta lokacin da kowanne ya kai kowane mataki. An samu yara suna zama ba tallafi tsakanin wata 4 zuwa wata 9, suna rarrafe tsakanin wata 5 zuwa 13 da rabi, suna tsayuwa su kaɗai tsakanin wata 7 zuwa 17, tafiya kuma daga wata 8 har kusan wata 18. Ku lura da faɗin wannan tazara. Wanda ya taka a wata 9 da wanda ya taka a wata 16 duk lafiyarsu ƙalau, kuma saurin tafiya ba ya nuna wanda zai fi kaifin ƙwaƙwalwa. A binciken nan ma, kusan yara 4 cikin 100 ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam. Wasu jan gindi suke yi, kuma masu jan gindi sukan yi jinkirin tafiya ba tare da wata cuta ba.

In yaro bakwaini ne, ana rage masa lissafi. Wanda aka haifa saura wata biyu cikinsa ya cika, ranar da ya yi wata 14 a duniya, a auna shi da ma'aunin ɗan wata 12. Ana yin wannan ragi har ya shekara biyu.

Iyakar jira a tafiya ita ce wata 18. Yaron da ya kai nan bai taka shi kaɗai ba, a kai shi a duba. Amma akwai alamomin da ba a jiran wata 18 a kansu. In aka ɗaga shi ƙafafunsa suka sandare suka harɗe kamar almakashi, ko jikinsa ya yi laƙwas har kansa na rinjaya, ko ya wuce wata 9 ba ya zama, wannan na likita ne yanzu. Haka in tun bai shekara ba kun ga hannu ɗaya kawai yake miƙawa, ɗayan kullum a dunƙule. Kada a ce bahago ne. Yaro ba ya zaɓen hannu da wuri haka, sau da yawa rauni ne a ɗaya ɓangaren. Sai kuma yaron da ya riga ya iya tafiya amma ba ya iya tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa yana hawa jikinsa da hannu, ko wanda ya wuce shekara biyu kullum a kan yatsun ƙafa yake takawa, dunduniya ba ta taɓa ƙasa.

Ƙafar baka kaɗan a sabon mai tafiya ba abin damuwa ba ce, tana miƙewa da kanta wajen shekara biyu. In ta ci gaba da lanƙwashewa bayan nan, ko ƙafa ɗaya ce kawai, ko wuyan hannu ya yi kauri, ana zargin laushin ƙashi. A Najeriya an gano cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam, mai ƙarfafa ƙashi, a abinci na daga manyan dalilansa, ba rashin rana kaɗai ba, kuma yana jin magani.

Keken nan na roba da ake zaunar da jariri a ciki ƙafafunsa na reto ba ya koyar da tafiya. Yana hana yaro ganin ƙafafunsa da koyon riƙe nauyinsa, kuma da shi yara ke kaiwa ga murhu da tukunyar ruwan zafi cikin ƙiftawar ido. Ƙasar Kanada ta hana sayar da shi tun 2004. Tabarma a ƙasa, ƙafa ba takalmi, da kujera ko bakin gado da zai dafa, su ne suka fi. Goyo ba laifi ba ne, amma yaron da ke yini a baya ba ya samun lokacin gwada ƙafarsa, don haka a riƙa sauke shi.

Yanzu magana, kuma a nan za mu daɗe, domin a nan ne aka fi ɓata lokaci.

Magana ba daga kalmar farko take farawa ba. Kafin ya shekara, yaro yana gwaranci, yana maimaita ba-ba-ba da da-da-da, yana juyowa in an kira sunansa, yana ɗaga hannu a ɗauke shi. Wajen wata 12 zuwa 15 yana nuna abin da yake so da yatsa, yana cewa Mama ko Baba yana nufin mutumin, kuma ya ƙara kalma ɗaya ko biyu. A wata 18 ana sa ran aƙalla kalmomi uku bayan Mama da Baba, kuma in aka ce masa kawo kofi ba tare da an nuna masa ba, ya kawo. Da ya cika shekara biyu yana haɗa kalma biyu, kamar Mama ruwa, ko Baba tafi, yana nuna hancinsa ko cikinsa in an tambaye shi. A shekara biyu da rabi kalmominsa sun kai 50 ko sun wuce. A shekara uku baƙo ma yana gane yawancin abin da yake faɗi. Waɗannan ma'aunai ne na abin da yara 3 cikin 4 ke iyawa a wannan lokaci, kamar yadda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sabunta su a 2022.

Wajen ƙirga kalmomi, ba a neman lafazi mai kyau. In kullum yana cewa uwa yana nufin ruwa, kalma ce. In ya ga akuya ya ce mee, kalma ce. In a gida ana Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Zabarmanci, ko ana haɗawa da Turanci ko Faransanci, a tara kalmomin duka harsunan wuri ɗaya a ƙirga. Jin harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana, kuma ba dalili ba ne na hana kaka yi wa jikanta yarenta.

Abin da ma'aikacin lafiya ya fi dubawa shi ne nuni da yatsa. Ku kalli ɗan wata 18 da jirgi ya wuce ta saman gida. Zai ɗaga yatsa sama, sannan ya juyo ya dubi fuskar uwarsa ya ga ko ita ma ta gani, sannan ya koma kan jirgin. Ba jirgin yake so a ba shi ba, so yake su gani tare. Yaron da ke yin wannan, yana gane abin da aka ce masa, yana kwaikwayon shara ko salla ko waya a kunne, ko da kalmominsa kaɗan ne, yawanci yana kamo 'yan'uwansa. Wanda ya fi damun mu shi ne yaron da ba ya nuni, ba ya haɗa ido, ba ya amsa sunansa, in yana son abu sai ya ja hannun babba ya ɗora a kai ba tare da ya dubi fuskarsa ba, yana yini yana jera abubuwa ko juya tayar mota. Waɗannan na iya zama alamun otizim, wato lalurar da ke shafar yadda yaro ke hulɗa da mutane da yin magana. Ba reno mara kyau ke kawo shi ba, ba allurar rigakafi ba, kuma koyarwar da aka fara da wuri tana canza abubuwa da yawa.

Ga iyakokin da ba a tsallakewa a magana: babu gwaranci ko wata alama da hannu, kamar ɗaga hannu a ɗauke shi, a wata 12, babu kalma ko ɗaya a wata 16, babu haɗa kalma biyu a shekara biyu. Mafi muhimmanci kuma, a kowane lokaci, yaron da ya iya abu ya daina. Wanda yake cewa Mama da ruwa ya yi shiru, ko yake tafiya ya koma rarrafe. Gaskiya ne yaye, ko sabon ƙane, ko mayar da yaro gidan kaka kan sa ya yi ƙyuya ya rage magana na 'yan kwanaki, amma in aka shiga makonni abin bai dawo ba, a tafi asibiti.

Za ku ji ana cewa namiji ba ya saurin baki, ko babansa ma sai da ya shekara uku ya yi magana. A matsakaici maza kan ɗan yi baya kaɗan, amma bambancin bai kai a ɗaga waɗannan iyakoki ba. Kuma in jinkirin magana na bin dangi, wannan dalili ne na a duba, domin akwai rashin ji da ake gado. Linzamin harshe ma ana yawan ɗora masa laifi. Yana iya wahalar da shan nono, amma ba ya hana yaro gane magana ko tara kalmomi. Kai yaro wajen wanzami a yanka ƙarƙashin harshe ko a cire beli ba zai buɗe bakinsa ba, sai dai ya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri, abu na farko shi ne gwajin ji. Iyaye kan ce ai yana ji, in ƙofa ta buga yana firgita. Jin ƙarar ƙofa daban, jin bambancin sautin "sa" da na "ta" a cikin magana daban. Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura, ko kunne mai zubar da mugunya, yana dusashe magana wata da watanni ba tare da yaro ya yi kuka ba. Sanƙarau, ƙyanda, da shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa duk suna iya lalata ji. Tafa hannu a bayan yaro ba ya wadatarwa, domin yana ganin inuwa ko ya ji iska ya juyo. Gwajin gaske da na'ura ake yi a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitoci, ko a cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna, kuma ana iya yi wa jariri yana barci.

Sauran dalilan jinkiri da muka fi gani a ƙasashenmu sanannu ne. Doguwar naƙuda da jaririn da bai yi kuka da wuri ba, shawarar da ta hau kai, zazzaɓin cizon sauro mai sa suma da jijjiga. Irin waɗannan yara ne wasu ke kira ɗan ruwa, alhali rauni ne a ƙwaƙwalwa, kuma gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, wanda ake koya wa uwa ta ci gaba da shi kullum a gida, yana hana gaɓoɓin ƙagewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa wata shida na jira a wannan shekaru asara ce babba. Akwai kuma gubar dalma. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje. Kaɗan ɗinta ma na dakushe ƙwaƙwalwa, kuma ana samunta a wasu nau'o'in kwalli, don haka a daina sa wa yara.

Wanda ya fi kowanne yawa shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki da ƙarancin jini. Yaro mai tamowa ba shi da ƙarfin wasa, wanda ba ya wasa kuwa ba ya koyo. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar abinci sau uku ko huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, tare da nono. Koko tsululu yana cika ciki ne kawai. A dama kunu da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, a zuba garin gyaɗa ko waken suya, a ba shi ƙwai, hanta, kifi, wake da zogale, a yi miya da gishiri mai aidin. Kada a haɗa masa abinci da shayi, domin yana hana jiki shan sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini. A asibiti ana auna damtsen yaro da tsinken awo mai launi: ƙasa da santimita 11 da rabi ja ne, tamowa mai tsanani, daga nan zuwa 12 da rabi rawaya ne.

Sai waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Waya ba ta jiran yaro ya amsa, shi kuwa da amsa-amsa yake koyon magana. In ya nuna ruwa, kada a miƙa masa a yi shiru. A ce ruwa kake so? Ga ruwa. A dakata a ƙirga biyar a zuci a ba shi dama ya gwada. In ya ce mota, a ƙara masa kalma ɗaya, a ce jar mota, ko mota ta tafi. A riƙa faɗa masa abin da ake yi lokacin wanka da girki, uba ma ya zaunar da shi a cinya ya yi masa hira, yayye su yi masa waƙa da tatsuniya. In-ina kuwa tana yawan zuwa tsakanin shekara biyu zuwa biyar ta wuce da kanta. Kada a tsawata ko a ƙarasa masa magana, amma in ta haura wata shida ko yana matse fuska wajen fitar da kalma, a nemi mai gyaran magana.

Ranar zuwa asibiti, ku tafi da katin awo da na rigakafi. Ku rubuta kalmomin da yake faɗi a kowane harshe, da watan da ya zauna da wanda ya tsaya. Ku faɗi yadda haihuwar ta kasance, ko ya yi kuka nan take, ko idonsa ya yi rawaya, ko ya taɓa jijjiga, ko kunnensa na ruwa, da genotayif ɗinsa in an sani. Ku ɗauki bidiyon minti ɗaya ko biyu yana wasa a gida, domin yara da yawa suna ƙin motsi a gaban likita. In aka duba aka ce a jira, ku tambayi har zuwa wane wata, da abin da ake sa ran ya iya kafin nan, a rubuta muku ranar dawowa a jikin katin.