Fodkas: Hawan jinin da ake cewa iska ce

Zainab: Likita, tun makon jiya saƙonni suka cika mana waya. Wai da gaske akwai hawan jinin da tiyata ke warkarwa?

Likita: Akwai, amma ba kasafai ba. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka, ita ke fitar da sinadarin da ke sa gabanka ya faɗi in kare ya biyo ka. To, ƙari kan fito a cikinta, fiyokromosaitoma...

Bala: Fiyo wa?

Likita: Bar sunan, Malam Bala. Shi ƙarin watso sinadarin yake, ba kare ba dalili. Mutum na zaune lafiya lau, sai kai ya sara, zufa ta karyo, zuciya na dukan uku-uku, jini ya hau. Can kuma ya lafa.

Zainab: Ai a gida iska za a ce, a nemo mai ruƙiyya.

Likita: Ko asibitin aka je, in ya lafa ana iya aunawa a ga komai daidai. Eisenhower fa, shugaban Amurka guda, sai da ya rasu a 1969 aka gano ƙarin a binciken gawarsa. Shi ya sa in matashi ne, ga magani iri-iri jinin ya ƙi sauka, sai mu gwada jininsa, ko ya tara fitsarin awa 24 a jarka.

Bala: Jarka? In shiga Keke Napep da ita?

Zainab: Ka ce kunun aya ne.

Bala: In wani ya ce in sam masa fa?

Zainab: Ka ce na biki ne, an riga an biya!

Bala: Direba ya taka rami, murfi ya...

Likita: Ku bari in ƙarasa! Ba a yin tiyatar kai tsaye, don da an taɓa ƙarin nan, jini na iya yin tashin gwauron zabo. Sai an yi mako ɗaya zuwa biyu ana shan maganin da ke sassauta jijiyoyin jini, har cewa muke a ƙara cin gishiri.

Bala: Mai hawan jini? Baffana na jin ki!

Likita: Baffa, ba da kai nake ba, don Allah. Sannan kusan kashi ɗaya cikin uku gado ne, sai a duba 'yan uwa.

Zainab: Mun yi alkawarin taɓo batun hanji, ga lokaci ya ƙure. Sai wani makon.

Bala: Jarkar dai, lita nawa ce?