Fodkas: Daren Kafa Ƙusa, Yadda Ɗaliban Zane Ke Haɗa Baje Kolinsu na Ƙarshe

Anti: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan birnin Katsina. Yau mu uku ne. Ga Malam, wanda ya daɗe yana koyar da zane da ginin tukwane, ga kuma Auta, da ke zangonsa na ƙarshe. Auta, na ga fenti har a gefen kunnenka.

Auta: Wallahi Anti daga ɗakin aiki na taho. Saura mako uku mu buɗe baje kolinmu na kammala karatu, barci ma sai dai a sace shi.

Anti: Abin da ya tara mu ke nan. Malam, barka da zuwa. Mutane da yawa sun ɗauka baje koli shi ne a kwaso zane a rataya a bango, shi ke nan.

Malam: Barka kadai, Hajiya. Da haka ne ai da an huta. Kullum nakan ce wa ɗalibaina ɗakin nan shi ma aiki ne, kuma shi ne aikin da za ku yi tare. Kowa ya yi shekara uku yana nasa shi kaɗai, to yanzu sai aikin mutum ashirin ko talatin ya zauna a ɗaki ɗaya ba tare da wani ya danne wani ba. Kuma ba da guduma ake farawa ba, da tef ɗin awo ake farawa. Auta, kun auna ɗakin?

Auta: Mun auna, Malam. Bango huɗu, amma ɗaya duk tagogi ne, ɗaya kuma allo ya cinye rabinsa. Da muka lissafa faɗin ayyukanmu sai muka ga sun ninka bangon da muke da shi.

Malam: Madalla da kuka gano yanzu. Mafita biyu ce. Ko ku ƙara bango, ko ku rage aiki, kuma gaskiya duka biyun za ku yi. Ku sa kafinta ya haɗa muku allunan tsaye na katako, a yi musu ƙafa mai faɗi, a ɗora buhun yashi a kan ƙafar don kada yaro ya jingina ya kifar. A shafe su da farin fenti, hannu biyu, a bar su su sha iska kwana biyu. Allo ɗaya a tsakiyar ɗaki bango biyu ne, gaba da baya.

Anti: Rage aikin nan fa shi ne inda ake ɓatawa. A shekararmu har kuka sai da aka yi. Ni da kaina na kawo turmi bakwai na rini, kowanne ina ji da shi kamar ɗan cikina. Aka ce uku za a ɗauka. Na kwana ina jin zafin abin. Amma ranar da aka rataya ukun nan, aka ba kowanne fili, sai na ga abin da ban taɓa gani a jikinsu ba. Wanda na tsoma cikin baba sau da yawa har ya yi duhu, da wanda na tsoma kaɗan ya tsaya a shuɗi mai haske, suna gefen juna, sai ka ce dare da asuba. Da bakwai ɗin aka cusa, da rumfar 'yan atamfa kawai za a gani.

Malam: Shi ya sa ba ɗalibi ke zaɓar wa kansa shi kaɗai ba. A shimfiɗa komai a ƙasa, a jingina da bango, kowa ya zagaya. Sau da yawa aikin da ɗalibi ya fi so shi ne wanda ya fi ba shi wahala, ba wanda ya fi kyau ba.

Auta: To Malam, ga inda muka yi gardama jiya. Wasu sun ce kowa a ba shi kusurwarsa, da sunansa a sama. Wasu sun ce a gauraya.

Malam: Mai jarrabawa da zai zo daga wata makaranta ya fi son kusurwa-kusurwa, domin maki zai bayar, yana son ya ga mutum ɗaya a wuri ɗaya. Wannan haƙƙinsa ne, a ba shi. Amma ni ina da ra'ayi, kuma ba na ɓoye shi. Mai jarrabawa yini ɗaya zai yi ya tafi. Sauran kwanakin na mutanen gari ne. Saboda haka in ya gama, ku ɗauki dare ɗaya ku sake jeri. Ku sa tukunya kusa da zanen da launinsa ya yi kama da jar ƙasarta. Ku sa saƙa kusa da zayyana. Ido ya riƙa tafiya daga wannan zuwa wancan kamar ana jan sa da zare.

Anti: Dare ɗaya, Malam? Ai aiki ne ja.

Malam: Aiki ne, amma in an san lissafin ƙusa ba ya ɗaukar lokaci. Bari in faɗa a hankali don masu sauraro su rubuta. Tsakiyar zane ake sa wa daidai idon mai kallo, ba samansa ba. A gidajen baje koli ana sa tsakiyar a wajen santimita 150 daga ƙasa. Ku ɗaure zare a wannan tsayin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kada ku yarda da daɓen ɗaki, sau da yawa a karkace yake. Ku ari siririn tiyon nan mai ruwa da magina ke daidaita gini da shi, ruwa ba ya ƙarya. To a ce zane tsayinsa santimita 80 ne. Rabinsa 40. Ka haɗa da 150, samansa zai tsaya a 190. Sai ka ja igiyar da ke bayan firam ɗin sama da yatsa kamar an rataya shi, ka auna tazararta da saman firam. In 10 ce, ƙusarka a 180 za ta shiga. Bugu ɗaya, ba ka huda bango sau biyar ba.

Auta: Mu da ido muke yi, wani ya tsaya daga nesa yana cewa "ɗaga kaɗan, sauke kaɗan."

Malam: Haka za ku kai asuba a bango ɗaya. Kuma bangon siminti yana son ƙusar kankare, ta katako lanƙwashewa za ta yi.

Anti: Ni abin da nake so mu daɗe a kai shi ne su wa ake gayyata. Kowace shekara kati na tafiya ofis-ofis, manya su zo su yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, su shiga mota. Ba na raina wannan, ana buƙatarsu. Amma ranar namu baje kolin mahaifiyata ta zo. Shekara uku tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tana ba ni kuɗin yadi da sinadari, ba ta taɓa ganin abin da nake yi da su ba. Ta tsaya gaban rinina, ga 'yar takarda a gefe an rubuta bayani da Turanci. Ta juyo ta ce, "Ɗiyata, me aka ce a nan?" Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Aikina ne, a garinmu, amma sai da aka yi mata tafinta.

Auta: Allah sarki. Anti, wannan ya shige ni. Mu ma da Turanci muka tsara namu.

Anti: Ku yi da harshe biyu, Hausa a sama. Sunan mai aiki, sunan aikin, abin da aka yi shi da shi, shekara. Sai layi ɗaya ko biyu da bakin ɗalibin, irin maganar da zai yi wa kakarsa. Harafi manya, yadda dattijo zai karanta ba sai ya manna fuska a bango ba. Wanda bai iya boko ba kuma, mai aikin ya tsaya kusa da aikinsa ya yi bayani. Ku raba kwanakin, kada a bar ɗaki ba kowa.

Malam: Ki ƙara da masu sana'a, Hajiya. A je marina a gayyace su da baki, ba da kati ba. A je wa dukawa, da maƙera, da masu ɗinkin hula, da matan da ke ginin tukwane, da maginan da suka iya zanen bango da zanko. Su ne za su kalli aikin da idon sani. Marini zai murza ƙyalle da yatsa biyu ya gaya maka ko launin ya kama ko zai zuba. Wannan hukuncin ya fi maki tsada. Kuma ba sabon abu muke ƙirƙira ba. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon zanen Turawa kawai ba, sai sun haɗa abin da suka koya a aji da fasahar gidajensu. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, a hannun 'yan uwanta mata ta koyi ginin tukunya tun kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a 1954, a garin da yanzu ake kira Suleja. Ilimin gida ta shiga da shi.

Auta: Tunda an zo nan, Malam, akwai abin da ke damun wasu a ajinmu. Masu sassaƙa suna da siffofin mutane, na darasin koyon siffar jikin ɗan Adam da aka sa mu. Suna tsoron abin da iyaye za su ce.

Malam: Tambaya ce ta gaske, kada a share ta. A Katsina muke, kuma mutane da yawa ba sa sakewa da mutum-mutumi saboda dalili na addini da suka riƙe da gaske. Ba a gayyato mutum a ba shi kunya. Shawarata, ayyukan darasin jiki a ajiye su a ƙaramin ɗaki na gefe, mai jarrabawa ya gani, wanda ya so ya shiga. Babban ɗaki kuwa akwai abin cika shi: zayyanar allo, rubutun ajami, dagi, tukwane, rini, saƙa, aikin fata, zanen gine-gine. Sai dai ina roƙonku, Hasumiyar Gobarau ta sha zane. In mutum goma sun zana ta daga wuri ɗaya, a ɗauki biyu. Wanda ya zana inuwarta a kan rairayi da la'asar, ko hannun mai yaɓe, shi ya kalle ta da idonsa.

Anti: Ku kuma leƙa gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921. Ba don kayan ciki kaɗai ba. Ku ga yadda kaurin bangon ƙasa ke riƙe sanyi, da yadda haske ke shigowa ta ƙananan tagogi bai faɗa kan kaya kai tsaye ba.

Malam: Haske kam, ku kiyaye. Rana tana cin fentin ruwa da rini, in suka daɗe a bakin taga sai su dusashe. Bangon tagogin nan naku a sa masa farin yadi mara kauri, a jera tukwane a wajen, su rana ba ta dame su ba. Ƙwan lantarki kuma fari iri ɗaya a ko'ina, kada a gauraya da mai ruwan ɗorawa. Ku tanadi sola ko janareta, janaretan a nesa da ƙofa.

Auta: Ga ƙura kuma, hunturu ya kama.

Malam: Ita ce babbar abokiyar gabarku. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, mai kauri har makonni. In ƙura ta hau shi yana ɗanye, ta zauna ke nan. Don haka duk mai fentin mai ya ajiye burushi yau, ba gobe ba. Zanen gawayi a fesa masa abin kama shi kafin a ɗaga. A yayyafa ruwa kafin shara. Masu tukwane kuma kada su yi gaggawar gashi. Iskar hunturu tana busar da bayan tukunya cikinta na ɗanye, a sa a wuta ta fashe, ta fasa na kusa da ita. Na taɓa buɗe murhu saura kwana huɗu a buɗe baje koli, na tarar da aikin ɗalibai uku ya zama tsingaro. Ɗaya daga cikinsu ya durƙusa yana tsintar gutsattsarin a cikin hularsa. Tun daga ranar nake sa a lulluɓe tukwane da leda su bushe a hankali, kuma ba na yarda a bar gashi sai makon ƙarshe.

Anti: Kuɗi fa, Auta?

Auta: Karo-karo muka yi, muka naɗa ma'aji, komai a rubuce. Katako da fenti suka fi ci. Mun bar buga littafi mai tsada, za mu ɗauki hoton kowane aiki mu tura ta WhatsApp.

Anti: Ku ɗauki hoton kafin a sa gilashi, da safe, a inuwa. Kuma kowa ya yanke farashin aikinsa tun yanzu, ya rubuta ya ba ma'aji. In Alhaji ya tsaya ya ce "nawa wannan?", ɗalibi sai kunya ta kama shi ya ce "duk abin da ka bayar." A lissafa kuɗin kaya, a lissafa kwanakin da aka yi. Wanda aka saya a manna masa ɗan jan ɗigo, amma ya zauna a bango har ranar rufewa.

Malam: Ranar rufewar ma a sa ta cikin tsari. A cire ƙusoshi, a toshe ramuka, a mayar da ɗaki yadda aka same shi, don 'yan baya su samu a ba su aro. Allunan kuma a jingine musu a sito.

Auta: In sha Allahu. Anti, ina neman alfarma ɗaya. Takardun bayanin nan, in mun rubuta Hausar, za ki duba mana?

Anti: Kawo su ranar Asabar bayan la'asar. Ka taho da na masu tukwane ma. Kuma ka gaya wa Inna tun yau, ta san ranar, ta gayyato maƙwabta.

Malam: Ni kuma zan zo da tiyon da zaren. Ku sayo alli.

Anti: To masu sauraro, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.