Zanzibar: Raunin da soke zaɓen 2015 ya bari

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai kai mu gabashin Afirka, tsibiran Unguja da Pemba, waɗanda aka fi sani da Zanzibar. Tun ranar 26 ga Afrilun 1964 da suka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya, tsibiran nan suna riƙe da shugabansu da gwamnatinsu, daga baya kuma da majalisar wakilansu. A zaɓen Oktoban 2025 hukumar zaɓen yankin, ZEC, ta ce Hussein Ali Mwinyi na jam'iyyar CCM mai mulki ya zarce da kusan kashi 75 cikin ɗari, Othman Masoud na jam'iyyar adawa ta ACT-Wazalendo ya samu wajen kashi 23, CCM ta kuma ci gaba da riƙe rinjaye a majalisa. Wanda bai san Zanzibar ba zai ce ai magana ta ƙare. Wanda ya san ta kuwa, sai ya yi shiru ya riƙe haɓa.

Dalili shi ne, wannan ƙasa ce da ta saba rabuwa gida biyu kusan daidai wa daida. A 1995 Salmin Amour na CCM ya samu kashi 50.2, Seif Sharif Hamad, wanda ake kira Maalim Seif, na jam'iyyar adawa ta CUF ya samu 49.8. A 2010 Ali Mohamed Shein na CCM 50.1, Seif 49.1. Zaɓen 2000 ne ya fita daban, shi ma cikin ruɗani aka yi shi, kuma abin da ya biyo baya ba ya mantuwa: a ƙarshen Janairun 2001 jami'an tsaro suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla mutum 35 da suka mutu, wasu kimanin 2,000 suka shiga kwale-kwale suka tsere Kenya. Akasarinsu mutanen Pemba ne, tsibirin kanumfari, mahaifar Maalim Seif.

Jinin nan ne ya sa daga baya manya suka zauna. A Nuwamban 2009 shugaban Zanzibar na lokacin Amani Karume da Maalim Seif suka yi musabaha, sulhun da suke kira Maridhiano. Ranar 31 ga Yulin 2010 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi biyu bisa uku suka amince da gwamnatin haɗin kan ƙasa: wanda ya zo na biyu, muddin ya kai kashi 10, jam'iyyarsa ce za ta ba da mataimakin shugaba na ɗaya, a kuma raba ministoci gwargwadon kujerun majalisa. Shekara biyar aka yi ana numfashi.

Sai ranar Lahadi 25 ga Oktoban 2015. Ku ƙaddara kuna tsaye a rumfar zaɓe a Wete ko Chake Chake, garuruwan Pemba. Mai zaɓe a Zanzibar takarda biyar ake miƙa masa: ta shugaban Tanzaniya, ta ɗan majalisar tarayya, ta shugaban Zanzibar, ta wakilin majalisar Zanzibar, da ta kansila. Layi ɗaya ya bi, yatsa ɗaya aka shafa wa tawada, rana ɗaya ta gasa shi. Bayan kwana uku, ana tsakiyar karanta sakamako, an riga an bayyana na fiye da rabin mazaɓu, shugaban ZEC Jecha Salim Jecha ya fito a talabijin shi kaɗai ya ce ya soke zaɓen Zanzibar gaba ɗaya saboda kura-kurai. Amma takardu biyun nan na tarayya, da mutumin ɗaya ya jefa a rumfa ɗaya, aka ce su lafiyarsu ƙalau, aka lissafa su, aka rantsar da John Magufuli a matsayin shugaban Tanzaniya. Don Allah, ta yaya tuwo ɗaya a akushi ɗaya zai zama rabinsa halal rabinsa haram?

Gaskiya ne Maalim Seif ya yi gaggawar shelanta cewa shi ya ci tun kafin hukuma ta gama, kuma doka ba ta ba shi wannan hurumi ba. Ban wanke shi a nan ba. Sai dai laifin ɗan takara ba ya zama hujjar yaga ƙuri'un dubban talakawa. Masu sa ido na ƙasashen waje, ciki har da tawagar ƙungiyar ƙasashe renon Ingila da tsohon shugaban Najeriya Goodluck Jonathan ya jagoranta, sun ce jefa ƙuri'a da ƙirgawa a rumfuna sun tafi lafiya. Duk wanda yake da wayo a 1993 a Najeriya, ya san abin da soke zaɓe yake yi wa zuciyar mai zaɓe.

An sake zaɓen ranar 20 ga Maris 2016. CUF ta ƙaurace, Shein ya tashi da fiye da kashi 91, kujerar mataimaki na ɗaya ta zauna babu kowa. Amurka ta dakatar da tallafin dala miliyan 472 da ta shirya bai wa Tanzaniya. Kuɗi dai ana samun wasu. Yardar da aka fasa ita ce har yau ba a ɗinke ba.

Daga nan ne alƙaluma suka sauya kama. A 2020 Mwinyi ya samu kashi 76, Maalim Seif, wanda ya koma ACT-Wazalendo, bai kai 20 ba. Pemba, inda CUF ta saba kwashe kujeru kaf, aka wayi gari CCM ta cinye mafi yawansu. A wannan zaɓe ne aka fito da ƙuri'ar wuri, inda jami'an tsaro da ma'aikatan zaɓe ke jefa tasu kwana ɗaya kafin jama'a, abin da 'yan adawa suka ce ƙofar maguɗi ce. A ranar ma aka kama Maalim Seif a wata rumfar zaɓe. Duk da haka a Disamba ya karɓi kujerar mataimaki, wasu magoya bayansa na kuka, shi kuwa yana ganin gara haka da a sake zubar da jini. Bayan wata biyu, ranar 17 ga Fabrairun 2021, Allah ya yi masa rasuwa. Sau shida ya tsaya takara.

Ba na cewa Mwinyi ba shi da jama'a. Yana da su, an ga tituna da kasuwanni da makarantu, kuma baƙi masu yawon buɗe ido sun ƙaru. Mai yiwuwa ko a fili fetal aka kara shi zai yi nasara. To abin takaicin ke nan: shi kansa an hana shi nasarar da kowa zai sa wa hannu.

Gyaran kuwa daga ƙasa zai fara. Kafin matashi ya yi rajistar zaɓe sai yana da katin zama ɗan Zanzibar, katin kuma yana bi ta hannun sheha, wato mai unguwar da gwamnati ke naɗawa. Shekara da shekaru 'yan adawa na kokawa cewa a nan ake tankaɗe mutanensu. A cire hannun sheha daga rajista, a janye ƙuri'ar wuri, a manna sakamakon kowace rumfa a ƙofarta, wakilin kowace jam'iyya ya tafi gida da kwafinsa a aljihu. Kafin zaɓen 2030 akwai isasshen lokacin da majalisar wakilai za ta yi waɗannan uku, kuma CCM tana da rinjayen da za ta yi su ko gobe.

Sai mun sake saduwa. A huta lafiya.