Kafin ku sayi na'urori, ku duba fatar majinyacinku

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ni yau, raina a ɓace yake. Yanzun nan na fito daga wani gida a nan Ingila, inda nake aikin kula da tsofaffi. Iyalan sun kashe kuɗi, sun cika ɗaki da na'urori, amma ina juya dattijon sai ga gyambon kwanciya ya fara ci a ƙugunsa. Baƙar fata ne irinmu. Takardar da aka ba su ta ce su lura idan wuri ya yi ja. To ina fatarmu take yin ja? Mu duhu wurin yake ƙarawa, in ka taɓa ka ji zafi ko tauri. Wallahi na tausaya musu, don suna ƙaunarsa.

Shi ya sa nake cewa, in kana jinyar wani a gida, fara da matasai. Eh, filo! Ba su da tsada. Ɗaya a bayansa ya tokare shi, ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya ba za ta taɓa katifa ba. Wanda ba ya iya motsi, ka juya shi kusan duk awa 2, har da dare. In da hali, a samo katifar iska mai hurawa tana saucewa da kanta, amma ko da ita juyin bai faɗi ba. Kuma kar ka murza wurin da ya canza launi, ƙara ɓata shi kake yi.

Sai ledar shimfiɗa, kunzugun manya, safar hannu da yawa, da man kariya mai sinadarin zink, domin fitsari yana cinye fata. Ni kam ba yabon kai ba, ina canza zanin gado da mutum a kai bai farka ba. Hannun nan wurin jinyar kakata ya koya, Allah ya jiƙanta, kullum ina tuna ta a wannan aikin.

Na'urori fa? Ma'aunin zafin jiki dole ne, in ya kai digiri 38 zazzaɓi ne. Ita kuwa ta maƙalawa a yatsa mai auna iskar jini, ku yi hattara, a baƙar fata takan nuna lamba sama da gaskiya. In numfashinsa ya canza, kar lamba ta ruɗe ka, kira likita.

Nemi akwatin magani mai gida 7, kowace rana ta mako da gidanta, da littafin rubuta abin da ya sha da lokacin da aka juya shi, don mai karɓarka ya san inda ka tsaya. Kar ka ba shi abinci ko ruwa a kwance, ƙwarewa tana kai wa ga ciwon huhu. Zaunar da shi, ya ƙara minti 30 a zaune bayan ya gama.

Kai ma mai jinya, bayanka fa! Sayi zanin nan mai santsi na jan majinyaci, kar ka ɗaga babban mutum kai kaɗai.